Inuwar Haƙorin Makka

A ɗakin Gwaggo na tashi. Yayar babana ce, wurinta aka kai ni yaye, da aka zo ɗaukata kuma ta ce ita ba ta san wannan zancen ba, sai na ci gaba da zama har na gama sakandare a Gwaram. Sunan mahaifiyarta na ci, saboda haka bakinta bai taɓa kama sunana ba. Uwata take ce mini ko da faɗa za ta yi mini, faɗan kuwa ba ya yankewa. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun kafin a haife ni har ta doshi saba'in, kuma ba ta taɓa yarda wani ya auna mata gyaɗa ba, ko da ɗan cikinta ne.

Ana tsakiyar yankan gero babban ɗanta ya bugo mini waya. Yaya nake ce masa, amma taubashina ne, don haka ba ma gaisawa sai mun tsokani juna. Ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, irin masu sa gogaggen kaya ko gona za su.

"Likitar gidanmu," ya ce, "tsohuwarki ta fito da sabon salo."

Ya ce duk sanda ta miƙe da sauri, daga sallaya ko daga gindin turmi, sai duhu ya rufe ta, harshenta ya yi nauyi kamar na mai magagin barci, hannun dama ya saki. Kafin a kawo ruwa abin ya wuce, ta koma aikinta, ta kuma hana a yi zancen. A ganinsa yunwa ce, don ba ta barin azumin Litinin da Alhamis. Matan gida sun ce iska ce, har an karɓo mata rubutu. Yana faɗa yana dariya, ni kuwa ban taya shi ba, domin na san abin da ke biyo bayan irin wannan. Shanyewar ɓarin jiki takan yi sallama sau biyu sau uku kafin ta shigo ta zauna. Na ce gobe-goben nan ya sa ta a mota ya kawo mini ita Birnin Kudu, in ta ƙi ya ce mata ni ce ba lafiya.

Haka kuwa aka yi. Ta sauko daga bas da ƙullin kuka da daddawa da kwalbar mai ta dubiya, ta tarar da ni tsaye garau cikin fararen kayan aiki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi ɗanta, ta ce Allah ya isa tsakaninta da mu biyun, sannan ta miƙa mini man.

Ni ba likita ba ce, ko da yake dangi sun naɗa ni. Mai ɗaukar hoto ce, ni ke riƙe da babban injin nan na MRI a wata cibiyar gwaje-gwaje, wanda ake tura mutum cikinsa a kwance a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likitan da ke karanta mana hotunan wani dattijo ne ɗan kudu, ya daɗe a ƙasar nan har Hausarsa ta kai ga habaici. Mutumin kirki ne, amma kafin ya yarda da maganarka sai ka yi gumi.

Shi ya duba wuyan Gwaggo da ƙaramin injin sikanin, ya ga manyan jijiyoyi biyu masu kai jini kai duk sun tsuke, hagu da dama. Ya zaunar da mu ni da Yaya ya ce wannan kaɗai ba ya yanke hukunci. Tsofaffi da yawa suna yawo da haka, jini yana zagayowa ta jijiyoyin ƙeya ya ishe su. Likitocin Kano masu buɗa jijiya ba za su taɓa mai shekara saba'in ba sai sun ga a lissafi cewa jinin bai isa ba, domin aikin kansa yana da haɗari. In ya isa, magani za a ba ta ta koma gida. In kuwa bai isa ba aka sallame ta, to jiran ranar da za ta faɗi ta kasa tashi kawai za mu yi. Sai ya dube ni ya ce, "Ki auna mana."

Wannan awon shi ne aikin da na fi so, shi kuma na fi taƙama da shi. Ana ɗura wa mutum wani ruwa ta jijiyar hannu, mu a wurin aiki kwantaras muke ce masa, marasa lafiya kuwa nakan ce musu rini ne. Injin yana ta ɗaukar hoton kan a kai a kai, kusan duk sakan ɗaya da rabi, na tsawon minti ɗaya da wani abu. Idan rinin ya iso, duk inda jini ya kai shi sai wurin ya yi duhu a hoton, in ya wuce wurin ya washe. Kwamfuta takan zana wannan zuwan da wucewar kamar tudu, hawa da gangara. Sai dai tudun naman ƙwaƙwalwa shi kaɗai ba ya ba da lissafi. Dole a san nawa ne ya shigo tun daga ƙofa, wato a auna tudun rinin a cikin jijiyar da ke kawo jinin, sannan a gwada komai da shi. Wannan jijiyar ita ce tiyar awo. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin 'yan hatsi ranar kasuwa ya san in tiya ta yi ƙanƙanta, rabin buhu ma sai ya ba da lissafin cikakke.

Kwamfutar ce ke zaɓen jijiyar da kanta, galibi a gindin ƙwaƙwalwa ta gaba, bayan idanu. A makaranta an koya mana zaɓe da hannu, na ma iya, amma wa zai yi surfe ga inji a ƙofar gida? Nawa dai in leƙa in danna na yarda. A yawancin mutane ko kwamfutar ta ɗan kauce ba a shiga uku, don gefe ɗaya ne ke da ciwo, sai a gwada shi da mai lafiyar. Gwaggo kuwa duka biyun a tsuke suke, babu na gwadawa. Komai nata ya dogara ga tiyar nan.

Kafin a shiga ɗakin injin sai an raba mutum da duk wani ƙarfe, domin injin maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske. Na ɗauko takardar tambayoyi na zauna gabanta.

"Gwaggo, akwai ƙarfe a jikinki?"

Ta cire 'yan kunne, ta zare awarwaro, ta murza zoben azurfa da ƙyar ya fita. Ta zaro allura daga ɗankwali, ta kwance mukullin ɗakinta daga bakin zani, ta tara mini su a cinya.

"Saura ƙashina, Uwata. Shi ma in ciro miki?"

Ta yi dariya, haƙorin Makkanta na sama ta hagu ya yi wal, ni ma na taya ta. Ina aji uku a firamare ta dawo da shi daga aikin hajji. Na fi shekara ashirin ina ganinsa, a wurina ba ƙarfe ba ne, Gwaggo ce kawai. A takardar akwai layin da ke tambayar haƙorin da aka dasa ko aka yi wa rufi, da hannuna na ja masa babu. Da baƙuwa ce ta zauna a kujerar nan, da sai na ce ta buɗe baki na leƙa.

Ta kwanta lafiya lau ba ta motsa ba, sai da ta fito ta ce injin markaɗen unguwarmu ya fi wannan ladabi. Kwamfuta ta yi zaɓenta, na leƙa na danna, taswirar gudun jinin ƙwaƙwalwarta ta fito. Ja da ruwan ɗorawa ko'ina, launin wadata ke nan, babu shuɗin ƙaranci a inda ake tsoro. Likita ya duba ya ce alhamdulillahi, coci yake zuwa amma bakinsa ya saba, ya rubuta magani. Yaya ya tare ni a baranda da tsiya.

"Mun baro gero a gona, mun sha hanya, don a ce mana tsohuwa ta riƙa cin abinci. Ashe ni ma likita ne ban sani ba."

Murnata ba ta wuce awa ɗaya ba. Ina cin shinkafa da wake a bayan ofis sai lambar gudun jinin da injin ya bayar ta dawo mini a rai. Kyau ta yi fiye da kima. Na sha auna samari majiya ƙarfi waɗanda ciwon kai kawai ya kawo, ban taɓa ganin wanda jininsa ya kai na Gwaggo gudu ba, tsohuwar da wuyanta ke tsuke ta gefe biyu. Na ture kwanon na fito baranda, daidai ana kiran azahar. Ta miƙe daga benci za ta yi alwala, ta ɗauki buta, butar ta suɓuce. Ta dube ni za ta ce Uwata, kalmar ta tsaya a rabi, gefen bakinta ya ja. Na rungume ta na zaunar, hannunta a kafaɗata kamar jiƙaƙƙen zani. Kafin minti uku ta dawo daidai, ta ce santsi ne a wurin.

Na ce da Yaya babu inda za su. Ya ce motar Gwaram ba ta jiran kowa, kuma Likita da kansa ya sallame su. Na ce masa in ya fita da ita daga ƙofar nan, ni da shi har abada. Bai taɓa jin wannan muryar a bakina ba, sai ya koma ya zauna.

Na koma na buɗe ɗanyun hotunan, waɗanda ba a yi wa launi ba, abin da ya kamata in yi tun da safe. Ga jan ɗigon da kwamfuta ta sa a kan jijiyar gaba ta hagu. Ga kuma wata baƙar inuwa ta taso daga ƙasa ta haura, ta murɗe hoton wajen, ta cinye rabin jijiyar. Tudun da aka auna a wurin gajere ne, mai karkarwa. Na je bayan kai na auna babbar jijiyar da ke kwashe jini ta mayar da shi ƙirji. Abin da ya shiga dai shi zai fita, don haka ya kamata tuddan biyu su yi kusan girma ɗaya. Na mai kwasa ya ninka na mai kawowa har da ɗoriya. Tiyar ce ta lotse. Na buɗe hoton gefe na bi inuwar ƙasa har inda ta fi baƙi, a layin haƙoran sama, sai na ɗora hannu a ka. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, domin ni ce na ja layin babu, ni ce kuma na danna na yarda.

Abin da ya taimake ni, hotunan suna nan, ba sai an sake ɗura mata rini ba, zaɓen kawai za a sake. Na kashe na kwamfuta na koma ƙeya, inda wata jijiya ke hawowa ta tsakiya ta rabu biyu. Ta yi nisa da baki, inuwar ba ta kai ta ba, kuma ba ta cikin waɗanda suka tsuke. Siririya ce, a hoton ba ta fi 'yan ɗigo-ɗigo ba, kuma ba kowane ɗigo ne na kirki ba. In ka ɗauki wanda rabinsa nama ne, tudun ya kwanta. In ka zame kan ƙaramar jijiya mai kwasa, tudun ya makara. Wanda ake nema shi ne mai isowa da wuri, ya hau a tsaye, ya sauka da sauri. Na yi ta dannawa ina gogewa har wuyana ya ƙage, na samu huɗu da bakinsu ya zo ɗaya, na gwada su da na mai kwasa suka yi daidai. Na yi bisimilla na danna.

Jan nan ya zube. Gaban ƙwaƙwalwar duka biyu ya koma kore, ta hagu kuwa shuɗi ya kwanta daidai inda magana da hannun dama suke. Tsoro ya kama ni, daɗi ma ya kama ni, a lokaci guda, har ban san wanda ya fi ba. Abin da ke neman kayar da Gwaggo ga shi a gabana, na kama shi.

Likita ya daɗe yana kallon taswirorin biyu. Sannan ya ce, "'Yata, wannan inji ne ya zaɓa, wannan ke kika zaɓa. Kuma matar nan ita ta raine ki."

"Yallaɓai, ga inuwar nan kana gani."

"Ina gani. Na yarda na farkon ba shi da kyau. Amma wa ya ce naki ne daidai? Mai zaɓe da hannu yana iya zaɓo lambar da zuciyarsa ke tsoro. Ba zan tura tsohuwa a taɓa mata jijiyar wuya saboda tsoronki ba. A kai ta wurin likitan haƙori ya cire rufin nan, bayan kwana biyu a sake awon."

Raina ya ɓaci, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa mai furfura, har da cewa in ta faɗi a Gwaram shi zan kira ya zo ya ɗaga ta. Ya ci gaba da goge tabaransa. Abin haushin, gaskiya ya faɗa kuma na sani.

Na tafi da su gidana. Bayan la'asar, Yaya bai dawo daga masallaci ba, muna zaune a tsakar gida na fara kewaye-kewaye. Akwai abin da ya fi zancen cirewar nauyi a bakina. Zinariya ta gaske ba ta yin irin wannan inuwar, sai gaurayen ƙarfe mai araha. Shekara da shekaru ana nuna haƙorin nan a gidan biki ana cewa zinariyar Makka, Yaya ma ya sha cika baki da shi. Na ɗauka wani ne ya cuce ta a can, kuma ni aka bar wa fasa mata.

"Gwaggo, haƙorin nan naki, injin ya nuna kamar ba zinariya ba ce zalla."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗar da ta tono a kicin ɗina, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa ya ce miki zinariya ce?"



"Na je da matan garinmu wurin mai sakawa, ya faɗi kuɗin na zinariya, ya faɗi na wannan. Na tuna ku nawa ne ke jiran tsaraba a gida. Abin leƙen nan da kika yi wata guda kina kallon Ka'aba a ciki, har kina hana 'yan'uwanki taɓawa, daga sama ya faɗo? Ni ban taɓa ce wa kowa zinariya ce ba. Su suka faɗa, ni kuwa ban ga dalilin ƙaryata mutane a gidan biki ba." Ta nuna ni da ɓawon gyaɗa. "Kuma in yayanki ya ji, ke ce."

Na yi dariya har da hawaye, dariyar ta ƙare hawayen suka ƙi tsayawa. Da na kawo zancen cirewa ta ce ko kusa. Sau ɗaya ta je Makka, da guminta ta je, ba kuma za ta koma Gwaram da guntun haƙori ana tambayarta me ya faru ba. Ta ce jibi kasuwa, akwai masu jiran mai, gobe da azahar tana cikin mota ko da takardar Likita ko babu. Na san ta sarai, in ta ce azahar ba la'asar take nufi ba.

Da sassafe na riga mai shara isa wurin aiki. Likita na shigowa na tare shi, na ba shi haƙuri kan rashin kunyar jiya, sannan na ce ya gwada hannuna. Ya ciro tsofaffin awon da muka yi wa wasu mutane, ya rufe sunayensu da lambobin da kwamfuta ta ba su, ni kuma in zaɓi jijiyar ƙeya da hannu a kowanne, ba tare da na san ko waye ba. In hannuna mai bin zuciya ne, a nan babu zuciyar da zai bi. In lissafina ya yi ta saɓa wa na injin, na janye maganata, a ba ta magani ta tafi.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kin san abin da kika ce kuwa?"

"Na sani."

Ban sani ba sosai.

Ya manna filasta a saman allon inda suna ke fitowa, ya ja kujera bayana da takarda da biro. Na zaɓa a na farko, na faɗi lamba, ya duba tasa, ya yi shiru. Na biyu ma shiru. Shirun Likita yabo ne, duk wanda ya yi aiki da shi ya san haka. Muka yi ta yi har hantsi ya dubi ludayi, masu jiran layi suka fara leƙowa ta taga. Can sai ya ce, "Tsaya. Nan kin yi ƙasa da inji sosai."  Na roƙe shi ya bar ni in buɗe hoton gefe, sai ga inuwa ta taso daga muƙamuƙi. Muka ci gaba, aka sake samun wani da muka saɓa, shi ma da inuwarsa. Duk sauran kuwa hannuna da injin bakinsu ɗaya.

Ya sa farce ya ɓare filastar, muka duba mutum biyun nan. Na farko sunansa ya fara da Alhaji. Ta biyu Hajiya.

Dattijon nan ya cire tabarau ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na miƙa masa ruwa. Sannan fuskarsa ta koma ta aiki. Ya ce a nemo mutanen biyu a waya yau ɗin nan a sake musu lissafi. Ya yaga takardar maganin jiya, ya rubuta wasiƙar Kano da hannunsa, ya kuma buga wa likitan can waya a gabana, ina ji yana cewa lambar ta tabbata, shi ya tsaya mata. Da ya ajiye ya kira sauran ma'aikata ya ce daga yau ba a fitar da wannan awon sai na duba jijiyar da idona, kuma a ƙara tambaya a takarda da Hausa ɓaro-ɓaro: an je Makka, an sa haƙori? Ba zan yi tawali'un ƙarya ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina, na fito baranda ina taku kamar ni na ƙera injin.

Saura Gwaggo, wadda na koma gida na tarar ta riga ta ɗaure kayanta. Yaya ya karanta wasiƙar sau biyu, tsiyar ta ƙare masa, ya kasa haɗa ido da ni. Na durƙusa gabanta na ce Kano za a, ba Gwaram ba, kuma yau. Na gaya mata aikin yana da haɗari, amma barinsa ya fi. Ta dubi ƙullin kayanta.

"Jiya an ce lafiyata ƙalau."

"Awon jiya tiyar ce ta lotse, Gwaggo."

"Na yau wa ya auna? Injin ko ke?"

"Ni ce. Da hannuna."

"Kin juya tiyar kin duba gindinta?"

"Na duba."

Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta dubi ɗanta. "To a aika wa masu mai su yi haƙuri."

Ban bi su ba. Aiki ya riƙe ni, kuma gaskiya ba zan iya zaman jira a bakin ƙofar ɗakin tiyata ba. Kwanakin nan waya ba ta bar hannuna ba, har banɗaki da ita nake shiga. A can suka yi nasu gwaje-gwajen, suka yarda da namu, suka bi ta jijiyar cinya suka sa mata wata 'yar ragar ƙarfe ta buɗa ta hagun, ta daman kuwa suka ce magani zai riƙe ta. Yaya ya bugo da rana tsaka, ya ce likitan ya nuna masa hoton hanyar da ta rage wa jinin, ba ta fi zaren ɗinki ba. Ya ce an ce da ta ƙara ko wata guda a haka... bai ƙarasa maganar ba. Ni ma ban ce ya ƙarasa ba.

Bayan wata biyu, an gama kai amfanin gona gida, aka dawo da ita in sake aunawa. Na karanta katin da aka ba ta a Kano na tabbatar ragar ba ta faɗa da injin, na cika takarda layi-layi ina leƙa bakinta, tana ce mini in ban gaji ba ita ta gaji. Aka ɗura rinin, na koma ƙeya na tsinci ɗigona huɗu, na gwada su da na mai kwasa, na danna.

Ta ce sai ta gani da idonta. Ba a shigar da marar lafiya ɗakin kwamfuta, amma Likita ya ɗaga kai ya mayar, ya yi kamar bai gan mu ba. Na zaunar da ita a kujerata, na jera mata taswirar da da ta yanzu. Na nuna mata shuɗin na ce nan magana take, nan hannun dama. Na nuna mata wurin a sabon hoton, ya koma ruwan ɗorawa, ba jan ƙarya ba, daidai na mai shekarunta. Ta ɗora yatsa a kan shuɗin ta daɗe, har ta bar mini tabon mai a gilashin.

"Ashe saura ƙiris, Uwata," ta ce a hankali.

"Saura ƙiris, Gwaggo."

Sai ta miƙe farat ɗaya, yadda aka hana ta. Na zabura na tara hannu biyu. Ta tsaya cak, idonta tar a kaina, ta doke hannuna da hannun daman nan, duka mai zafi, ta ce in ba ta hanya ta bar shanya a gida. Na bi ta da kallo ta ratsa baranda, ta sauka matakala uku ba ta dafa bango ba, ta doshi ƙofar fita Yaya na binta da jaka yana cewa ta tsaya. Na rufe ƙofa na yi kukana, na wanke fuska a famfo, na leƙa na kira mai bi mata.